Yadda Za Ka Ba Da Labarin Ƙwallon Da Ba Ka Gani Ba

Ban ga ƙwallon ba. Shekara goma sha tara ina bin kulob ɗin nan namu a rukuni na uku, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni. Amma ranar wasan ƙarshe, ranar da muka ci muka haye rukuni na biyu, ina tsaye a rumfar mai faci, layi biyu daga fili, ina jin wasa a rediyo kamar baƙo.

Ga yadda aka yi. An ci mu ɗaya. Saura minti takwas a tashi aka ba mu fenariti. Ɗan gabanmu mai lamba tara, wanda muke ce wa Jirgi, ya ɗauki ƙwallo ya aika ta sama, har yau ban ji wanda ya ce ya tsince ta ba. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce wa mai aski, wanda muke zama benci ɗaya da shi da tela, “Riƙe min wuri, zan zaga.” Ban zaga ba, ƙofa na nufa. Bayan fitata aka rama, a minti na ƙarshe kuma aka ƙara.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Na ga ƙeyar mutane da yawa a ƙofar nan, kuma yau duk su ne suka fi kowa baki. Saboda irinmu na rubuta wannan. Ni mai walda ne, a aji huɗu na ajiye boko, amma abin da na haɗa ba ya ɓallewa. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka garanti ba wanda zai gane ka gudu. Ni sun rufa min asiri kwana goma sha ɗaya, kuma ramin da na faɗa zan nuna maka shi ka tsallake.

1. Koma da gudu

Da ka ji ihun ya tashi, kada ka tsaya yi wa kanka faɗa. Wannan aikin yana nan yana jiranka har ka tsufa. Tattara rigarka ka zuba da gudu. Da an tashi ake wangale ƙofa, jama'a su ɓarke cikin fili, ba mai duban wani. Kutsa tsakiya.

Gudun nan yana da amfani biyu: zai kai ka da wuri, kuma zai ba ka gumi. Wanda ya kalli minti takwas ɗin nan da wanda ya yi gudun layi biyu da tumbi, haki ɗaya suke yi.

In za ka rungumi abokanka, ta baya za ka zo musu. Na cafke mai aski ta baya na ɗaga shi sama. Ya ce, “Kai ina ka shiga?” Na ce, “Ina nan! Ina nan!” Na girgiza shi har tambayar ta zube.

2. Kashe muryarka

Kwana ukun farko su ne masu haɗari, domin kowa yana neman wanda zai tare da labari. To, ka zama marar murya. In an ce, “Yaya ka ga ƙwallon nan?” sai ka nuna maƙogwaro, ka girgiza kai, ka ɗaga hannu biyu sama. Za a ce ihu ne ya cinye maka murya, a ƙara ganin girmanka.

Amma ka tuna kana cikin wannan hali. Ni rana ta biyu wani ya taka min wayar injin walda da babur, na daka masa tsawar da aka ji har bakin titi. Tela ya leƙo daga shagonsa ya ce, “A'a, sauƙi ya samu?” Na yi tari na koma nuni da hannu.

3. Kada ka fara, ƙarasawa ce taka

Bayan murya ta dawo, shiga kowace hira, amma kada ka taɓa ɗauko zance daga kai. Bari wanda ya gani ya ja, kai ka dinga liƙa masa jela. Kalmomi huɗu sun ishe ka: “Ƙwarai.” “Kai, bari!” “Kamar a mafarki.” “Ai ni ban zauna ba.” Wannan ta ƙarshe ma gaskiya ce.

A unguwarmu, tun daga ranar ba a kiran sunan wanda ya ci ƙwallon ƙarshe. Lamba tara kawai ake cewa. “Lamba tara ya fitar da mu kunya!” Sai a fashe da dariya. A kan titi ma waƙar ke nan, “Tara! Tara!” Ni ma ina cewa, ina dariyar tare da su. Ban tambayi abin da ake wa dariyar ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

4. Nemi abu ɗaya naka na kanka

Mutumin da kullum “ƙwarai” kawai yake cewa, wata rana za a dube shi. Dole ka samu wani lungu na labarin da ba mai ja da kai a ciki.

Ni turken raga na kama. Ni na yi waldarsa shekara shida da suka wuce, da iska ta kayar da shi. Na ji a rediyo cewa ƙwallonmu ta farko ta daki turke kafin ta shiga. Shi ke nan na samu gona. Duk inda aka taru sai in ce, “Ku kuna kallon ƙwallo, ni ƙarfena nake kallo. Da waldar wani ce, da turken ya lanƙwashe ta fita waje.” Ba wanda ya san ƙarfe a cikinsu, ba wanda ya musa. Har wani ya ce ya kamata a rubuta sunana a jikin turken. Na ce a bari, ba na son nuna kai.

5. Ka yi hattara da gida

Matarka ba ta san ƙwallo ba, amma ta san ka. Wannan ya fi muni.

Tawa ta dubi takalmina ta ce, “Baban yara, kowa ya dawo da jar ƙasar fili, kai naka baƙin mai ne har da ɓurɓushin taya.” Na ce, “Ke da kika san ƙasa haka, me ya hana ki aikin gona?” Ta ɗauki maganar ta adana, tana jiran ranarta.

Dama akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya a tsakaninmu. Shekarar da muka yi aure injina ya ƙone sau biyu, gwaggona ta ce amarya farar ƙafa gare ta, wato ita ke jawo tsiya. Ni ban ce haka ne ba. Amma ban ce ba haka ba ne. Shekara ashirin ke nan ba ta manta ba.

6. Kada ka yarda da rediyo

Nan ne ramin. Buɗe kunnenka.

Mai sharhin rediyo yana can saman rumfa, ba fuska yake gani ba, lamba yake karantawa. Da ƙwallon ƙarshe ta shiga, ihu ya yi ta yi, “Jirgi! Jirgi! Lamba tara ya wanke laifinsa!” Ni kuma na haɗiye.

Abin da ban sani ba, ina fita koci ya cire Jirgi. Ana haka rigar wani ɗan bayanmu ta yage gida biyu, wani ƙato da muke ce wa Katako saboda ba ya lanƙwasuwa. Kulob ɗinmu ba shi da rigar canji. Sai aka tuɓe ta Jirgi a kan benci aka cusa wa Katako, ko cibiyarsa ba ta rufe ba. Shi ne ƙwallo ta daki gwiwarsa ta shiga, yana ma kallon wani wajen. Shekara bakwai yana buga mana, ita ce ta farko da ya ci a ragar da ba tamu ba. Dariyar “lamba tara” ke nan. Duk wanda ke fili ya sani.

Rana ta goma sha ɗaya da hantsi na shiga shagon mai aski. Shago cike, tela na nan yana jiran layi. Wa zan gani a kan kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya? Jirgi. Ashe ranar ya fara fitowa tun bayan wasan, kunya ta kulle shi a ɗaki. Na ga kowa ya yi tsit, na ɗauka girmamawa ce.

Na ture mai aski na kama kan yaron na sumbata. Na ce, “Ɗana, wannan kan a lallaɓa shi! Na zage ka kan fenariti, ka yafe min. Amma yadda ka tashi sama a minti na ƙarshe ɗin nan, ka sa mata kai, da idona na gani, har na mutu ba zan manta ba!”

Jirgi ya dube ni ta madubi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Baba, har da kai? Ai gara ka mare ni.”

Mai aski ya kashe injinsa. Ya ce, “Mai walda, da wane idon ka gani?”

7. In an kama ka, gudu. Kada ka tsaya amsa tambaya

Ni na tsaya. Na ce to, na fita, a yanka ni. Na shirya a ce min maci amana, a yi min kwana biyu ana tsokana, a wuce wurin. Da haka aka yi da na gode.

Mai aski bai yi dariya ba. Ya jawo kujera ya zauna yana kallona kamar likita.

“Tsaya tukuna. Ranar da muka ci huɗu da nema, kana ina?”

“Na kai surukata asibiti.”

“Ranar da golanmu ya kaɗe fenariti biyu?”

“An kira ni gyaran ƙofar makaranta.”

“Wasan kusa da na ƙarshe, da muka ci tun minti na biyu?”

“Ai na zo! Ina ƙofa muna faɗa da mai tikiti.”

“Kana ƙofa,” in ji shi. “Ta waje.”

Tela ya miƙe ya ɗora hannu a ka. “Shekara goma sha tara! Mun kori koci shida. Mun canza gola ya fi a ƙirga. Ba raflin da ba mu zaga ba. Ashe matsalar tana zaune kusa da ni tana cinye min gyaɗa!”

Jirgi kuwa fuskarsa ta washe, da rabin aski a kansa. Ya ce, “Baba, lokacin da na buga fenaritin nan kana ciki?” Na ce ina ciki. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “Dama na ji ƙafata ta yi nauyi.”

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da matata tsaye a bakin ƙofa ta sha kwalliya. Ta ce, “Baban yara, miƙo ƙafar nan in gani. Sannan ka raka ni wajen gwaggo, ina da saƙo.”

8. In sun ba ka muƙami, karɓa

Ba su kore ni ba. Da sun kore ni da na yi faɗa, kuma faɗa na iya. Karrama ni suka yi. Aka yi taron magoya baya, mai aski ya yi jawabi, ya ce mutum biyu suka hau da kulob ɗin nan: Katako da ya shiga rigar wani, da mai walda da ya fita. Aka yi tafi. Aka naɗa ni shugaban magoya baya na waje. Aka ce in ƙera wa kaina kujera mai kyau, za a ajiye min ita a bayan shingen kwano na fili, gefen masu faka babura.

Na ƙera. Har da wurin ɗora hannu.

Kada ka ɗauka na yarda da zancensu. Ni mutum ne mai aiki da ƙarfe, abin da ban taɓa da hannuna ba ba na yarda da shi. Wasanmu na farko a rukuni na biyu, ina zaune a waje da rediyo, muna gaba da ɗaya. A jikin kwanon akwai wata ƴar huda da tsatsa ta ci, daidai ido. Na duba hagu, na duba dama, na ce bari in kunyata jahilci. Na kafa ido.

Na ga ciyawa. Na ga turkena yana sheƙi. Na ga golanmu ya fito zai kama wata ƙwallo mai sanyi wadda ko surukata za ta kama, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa.

Na janye idona na koma kujera. Minti biyar ba a yi ba muka ƙara, haka aka tashi biyu da ɗaya. Ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Gargaɗi

Matakan nan lafiyarsu ƙalau, mai amfani da su ne ya kamata ya kula. In ka bi su aka kama ka, ba ruwana. In matarka ta samu abin faɗa na shekara ashirin masu zuwa, ba ruwana. In ka rungumi wanda bai ci ƙwallo ba, kai da shi. Garantin da na ba ka a sama na ƙarfe ne, bai shafi mutum ba. Kada ka zo min shago da ƙorafi, ina da aiki.

In kuma dole sai ka gan ni, ka zo ranar wasa, bayan fili, gefen babura. Za ka ga mutum a kan kujera mai hannu, ya juya wa shinge baya. Kada ka wahalar da kanka neman hudar nan. Washegari da sassafe na ɗauko injina na liƙe ta, ba wanda ya sa ni. Kuma na faɗa maka, abin da na haɗa ba ya ɓallewa.