Yadda Za Ka Kama Mai Jingina da Bangon Gidanka

In kana da 'ya budurwa, kuma kullum kana tsintar ɓawon lemo a ƙarƙashin tagarta ta baya, kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Dabarar nan ba ta kuskure, sai ta kama mutum. Maƙwabcina Shigeo ne ya gwada ta a kan idona. Samari sun kwashe 'yan matan tsibirinmu zuwa birnin Osaka, saura tasa Chizuru, shi kuwa ya rantse ba mai raba shi da ita.

1. Nemi hujja

Kada ka gaya wa matarka tarko za ka ɗana. Ce mata iskar teku ta cinye bangon baya, gara ta shiga, ba magani sai ƙonannen katako irin na kakanni. Harue, matar Shigeo, ta ce, "Bangon da aka yi bara? Baban Chizuru, wace irin gara ce wannan?" Ya ɗaure fuska ya ce, "Ke ba ki san gara ba." Kai ma haka za ka ce, ka bar wurin da sauri.

2. Ƙona katakon

Ɗaure katakon itacen sugi guda uku su yi bututu, ka tsayar da shi, ka cusa tsohuwar jarida ta ƙasa, ka ƙyasta ashana. Wuta za ta yi gurnani ta fito ta sama. Kada ka leƙa, gira ba ta tsirowa da wuri, tambayi Shigeo. In cikin ya yi baƙi ya tsattsage kamar fatar kada, kwance igiya ka sheƙa ruwa. Sanar da 'yan kwana-kwana tun da safe, in ba haka ba su zo da jiniya su jiƙa maka har shanya.

3. Kada ka goge

A nan asirin yake. Mutanen birni gogewa suke yi da burushi su shafa mai, don kada rigar baƙo ta ɓaci. Kai kuwa rigar baƙon kake nema. Kafa katakon da gawayinsa. Mai zance ba ya iya doguwar tsayuwa, so daga gwiwa yake fara kama mutum, dole ya jingina.

4. Yafe wa marasa laifi

Bangon bai san gaskiya ba. Zai kama farar kyanwarku, ya kama katifar da aka shanya, ya kama mai kawo wasiƙa. Kada ka shaƙe mai wasiƙa kamar yadda Shigeo ya so yi. Gajiya ce kawai, gidan a kan tudu yake.

5. Gaida kowa

Jira ranar sharar ɗakin bauta, da maza ke fitowa da fararen riguna. Bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa. Kai rusuna kaɗan, su za su rusuna sosai, sai ka leƙa bayansu. Shigeo ya gaida kowane saurayi har sau biyu, riguna fes. Yana shirin haƙura sai ga Genzo, tsohon masunci, ya duƙa zai ɗauki tsintsiya. Daga kafaɗa har ƙugu baƙi ƙirin.

"Baba Genzo! Da tsufanka? 'Yata fa sa'ar jikarka ce!"

"Wace 'yar taka? Yaro, wanke idonka. Chizuru jirgin safe take bi ta tafi aiki, wa zai same ta da la'asar?"

6. Koma gida ka sha faɗa

Shigeo ya taka gida da gudu. A bakin tagar ya tarar da mahaifiyarsa Tsuya tana shan hantsi tana ɓare lemo. Tun da gwiwa ta hana ta fita, a nan take wuni, shi bai ma lura ba.

"Sannu da aiki, ɗan sanda," in ji ta. "Ka ƙona katako, ka ƙona gira."

"Inna, me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Tun da ubanka ya rasu, wa ya taɓa tsayawa hira da ni a gidan nan har rigarsa ta yi baƙi? Gaisuwa kuke jefo mini daga ƙofa kamar hatsin kaji."

Ina bayan shinge ina ji, kuma ni kaina sai da kunya ta kama ni.

"Ɗauki burushi ka goge bangon nan," ta ce. "Mutumin ba shi da mai yi masa wanki."

In ka kawo nan, goge kawai. Kada ka ƙara ko uffan.

Hattara

Cewa na yi za ka kama mutum, ban ce wanda kake nema ba. Saurayin 'yarka ta waya yake zuwa, kuma har yau ba a ƙona katakon da ke kama wannan ba. Saboda haka girarka, da kuɗin sabulu, da tafiyar yarinya Osaka, duk ba ruwana. In kuma ka wayi gari kana rusuna wa masunci mai shekara tamanin kana ce masa Baba da gaske, kada ka zo ƙofata. Kai ka ƙyasta ashanar.