Rasuwar Kalanda.js, Mai Ciyar da Gari Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Zayyanu mai shagon kwamfuta a Gummi yana sanar da rasuwar fayil ɗinsa, kalanda.js, wanda ya cika jiya Talata da hantsi, yana da shekara huɗu.

Marigayin ɗan zuriyar JavaScript ne, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, bai fi cikin cokali ba, amma gari uku yake ciyarwa. Shi kaɗai yake zaune a babbar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin Zayyanu. A wurinsa shafin intanet na manoman Anka ke ɗibar kwanan wata, haka na wata makarantar 'yammata a Gummi, haka na shagon maganin Hudu a Bukkuyum. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai ɗan "tin!" idan wani ya rubuta talatin ga Fabrairu.

An sha ba Zayyanu shawarar yi wa marigayin kwafi, shi kuwa yana bugun ƙirji cewa rijiya ɗaya ta ishi unguwa.

Ajali ya zo ta Anka. Manoma suka roƙi a sa musu watan Musulunci kusa da na boko. Zayyanu ya farke cikin marigayin yana tsakar aiki, yana danna maɓallin ajiyewa wuta ta ɗauke. Da janareta ya tashi, suna na nan, ciki wayam.

Ya rasu ya bar marayu uku, da ɗaliban makarantar 'yammatan su ɗari biyu da sha huɗu da za a rufe rajistar jarrabawarsu gobe Alhamis da azahar, da shugabar makarantarsu Malama Rahina, wadda ta yi aike sau uku, kuma har yanzu ba ta san don Anka aka taɓa marigayin ba. Zayyanu tsoron gaya mata yake ji.

An ɗage jana'iza zuwa gobe bayan azahar a ƙofar shagon Zayyanu, domin ana kyautata zaton kwamfutar Hudu ta riƙe kwafin marigayin a ma'ajiyarta ta wucin gadi. Sai dai duk Laraba bayan la'asar Hudu na share ma'ajiyar tas, kuma Zayyanu ne da kansa ya koya masa. Wayar Hudu ta ƙi shiga, mai makoki Zayyanu ya hau babur.

Masu niyyar ta'aziyya su wuce Bukkuyum. Wanda ya riga isa, don Allah ya riƙe hannun Hudu. In an makara, za a haɗa jana'izar da ta shagon Zayyanu.