Kwalbar da ke bayan oba-oba ɗin Baba Sale

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, a daminar da na fara koyar da aikin lantarki a wata kwalejin fasaha a Jos. Diflomata na nan sabuwa fil, unguwarmu ta Dutse Uku kuwa kowa Injiniya yake kira na (ni ma ban taɓa gyara wa kowa ba, daɗi nake ji).

Maƙwabcinmu Baba Sale tsohon ma'aikacin kamfanin kuza ne, shi ke riƙe musu oba-oba, rediyon aika saƙo, a zamanin da. Da ya yi ritaya sai ya yanki lasisi ya sayi tasa, akwati guda mai magana kuma mai ji, ya ja doguwar waya daga bishiyar turare zuwa kan rufi a matsayin eriya. Duk Asabar ƙarfe goma yakan yi hira da amininsa Malam Bitrus, wanda suka yi aiki tare kafin ya bar Anguwan Rukuba ya koma ƙauyensu a tsaunin Mambila. Wayar salula ta shigo Jos a lokacin, amma ba ta hau can ba. Da batirin mota Malam Bitrus yake aiki, rabin awa kawai yake iya ba shi.

A hirarsu ta baya ya faɗa wa Baba cewa ƙafafunsa sun kumbura, ƴaƴansa za su sauko da shi asibiti, wannan Asabar ce ta ƙarshe da zai zauna gaban na'urarsa. Shi kuma Baba a makon aka yi masa aikin yanar ido, ranar Juma'a aka sallamo shi da bandeji. Safiyar Asabar ɗin matarsa Inna Talatu ta yi sammakon zuwa gidan suna. Da ya lalubo makunni ya kunna, babu abin da ke fitowa sai shuuu. Ya ƙwala mini kira ta katanga.

Na shigo da jakar kayan aiki, ƙarfe tara da ɗan wani abu. Ya ce, "Injiniya, kunnen abin nan ya toshe. Fara duba mini eriya."

Na leƙa ta taga, na hango waya a sama tana lilo. Na ce, "Tana nan lafiya lau, Baba."

"Ka bi igiyar har bayan akwatin?"

Teburin a manne yake da bango, bayansa duk yanar gizo, ni kuma farar riga ce a jikina. Na ce, "Na bi." Ban bi ba. Wannan ƙaryar ita ce nake jin nauyinta har yau.

Daga nan na buɗe akwatin, na kuma buɗe baki. Na shiga yi wa mutumin da ya girmi mahaifina lacca a kan yadda rediyo ke ji. Na ce eriya tana kwaso duk muryoyin da ke yawo a iska ne a cakuɗe, marasa ƙarfi. Sai su bi ta wata matata ta tace su kamar rariya, ta bar na zangon da ake so. Sai a ƙara musu ƙarfi, a gauraya su da wani amo da akwatin ke ƙirƙira da kansa, don a sauko da su kan mataki guda da bai canzawa. Na nuna masa (mutumin da idonsa ke ɗaure!) wasu ƴan gwangwanaye a jere, kowanne da ɗan dunƙulen baƙin ƙarfe a ciki da ake murɗawa. Na ce waɗannan ne ke gadin matakin, bayan su ne ake zare muryar mutum a miƙa wa lasifika. Duk gaskiya na faɗa, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Baba ya saurara har na gama, ya ce, "Haka ne. Amma kar ka taɓa gwangwanayen nan, tun daga masana'anta aka saita su."

Na ce, "Baba, ai sanyin Jos ya sa sun goce. Ɗan taɓawa kawai zan yi."

Na zura sukudireba na murɗa na farko. Shuuu. Na biyu, shuuu. Ban ko sa alamar inda na same su ba. Kafin ƙarfe goma na murɗe biyar, gumi na ɗiga daga haɓata duk da sanyin da ake yi. Baba ya zauna riƙe da makirfo a cinya, lokaci-lokaci yana tambaya, "Ƙarfe nawa?" Goma da minti goma. Goma da kwata. Daga baya ya daina tambaya.

Goma da minti ashirin da biyar Inna Talatu ta yi sallama, da ƙunshin goro da alewar suna a hannu. Ta dube mu, ta dubi hanjin akwatin a waje, ta ce, "Malam, kun dai mayar da igiyar ko? Ranar Alhamis da aka yi ruwan ƙanƙaran nan da tsawa na zare ta na sa a kwalba, yadda kake yi."

Ashe al'adar Baba ce tun zamanin kuza. Hadari na haɗuwa a kan duwatsun nan zai zare filogin eriya daga akwatin ya jefa bakinsa cikin kwalbar gilashi, don kada aradu ta biyo waya ta ƙone masa kaya. Yana asibiti aka yi ruwan, bai san an zare ba. Inna ta durƙusa da kayan bikinta, ta zura hannu bayan teburin da na ƙi taɓawa, ta jawo kwalbar da igiya a ciki. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Na mayar da filogin. Da ban taɓa komai ba, da murya ta cika ɗakin. Amma na riga na karkatar da hanyar, sai muka ji ta can ƙasa-ƙasa, sai da muka haɗa kai uku a bakin lasifika.

"Sale, Bitrus ne. Na kira har na gaji, batir ya kusa. In kana ji na, mu yafi juna. Ka gaishe da Talatu."

Baba ya matsa makirfo ya ce, "Ina ji, Bitrus, ina ji, na yafe!" Allurar akwatin da ke nuna fitar magana ba ta motsa ba. Gwangwanayen da na murɗe, ta cikinsu magana ke fita ma. Muryar ta sake kiran sunansa sau ɗaya, sannan shuuu ya dawo.

Na jira faɗa, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ajiye makirfo ya ce, "To, alhamdulillahi, ni dai na ji shi. Inna, ba Injiniya goro."

Kwana uku muka yi muna mayar da saitin, shi da kunnensa, ni da ɗan tsinken roba da ya sa na feƙe daga marfin biro. Ya riƙa cewa "kaɗan, koma baya, tsaya nan," har tashoshi suka dawo raɗau. Duk Asabar ya ci gaba da kunnawa ƙarfe goma. Bayan wata guda wasiƙa ta zo daga ƴaƴan Malam Bitrus, ya rasu a asibitin. Ni na karanta masa, don idon bai gama washewa ba. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har shi ma ya bar duniya.

Yanzu in zan zana wa ɗalibai yadda rediyo ke ji, kafin matatar muryoyi, kafin komai, kwalba nake fara zanawa a allo. Suna dariya, suna kuma dariya in suka ga malaminsu ya rarrafa bayan tebur kafin ya taɓa sukudireba. Ina barin su su yi. Farar rigar da na tsare ranar nan, ko da ta ɓaci, da wanki ɗaya za ta fita.