Yaren da Ba Shi da "Tsaya"

A shekarar da fari ya ƙone dajin Gubuci, Sarki Zaki ya sayo na'urar da za ta riƙa buɗe ƙofofin madatsar ruwa. Na'ura kuwa ba ta jin gurnani, sai an rubuta mata umarni da yarenta. Aka kafa majalisar ƙirƙiro yaren, aka ɗora rubutun a kan Jaki Duna, don shi kaɗai ya iya aikin.

Unguwar jakuna tana gindin madatsar, har da bukkar tsohuwarsa. Shi ya sa da ya duba daftarin majalisar, ya sake dubawa da kyau: akwai umarnin buɗewa har kala tara, babu na tsayawa ko ɗaya.

Majalisa ba ta wannan take ba. Kwana bakwai manya suna tayar da jijiyar wuya kan ko kowane layi zai ƙare da hoton dagin Sarki ko na wutsiyarsa.

Rana ta takwas Duna ya durƙusa. "Ranku ya daɗe, a ƙara 'tsaya'. Kuma a bar na'urar ta faɗa idan an yi kuskure."

Kura, Ministan Ruwa, ta gyara zama. "Jama'a, ku ji ɗan adawa! Gwamnatin ci gaba ce wannan, ba ta tsayawa. Kuskure kuma na wa? Na Mai Daji?"

Aka yi tafi. Aka zartar cewa amsa ɗaya allon na'urar zai riƙa nunawa: KOMAI LAFIYA.

Duna ya rubuta abin da aka ce, ransa a ɓace. Da ya gama, ya bi unguwa gida-gida, ya kwashe jakuna zuwa kan tudu, tsohuwar tana tafe tana kukan bukkarta.

Ranar bukin ƙaddamar da na'urar Zaki ya danna maɓalli da kansa, a cika masa tafkin fada. Tafki ya cika. Ruwa ya shanye unguwar jakuna, Kura ta ce ai ban-ruwa ne kyauta. Sai ruwan ya haura matakalar fada, ya taɓa gemun Sarki.

"Tsaya!" Zaki ya daka tsawa. "Duna, ka ce mata ta tsaya!"

Daga kan tudu Duna ya sunkuyar da kai, cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, babu shi a yaren."

Can cikin ruwa allon yana ta haske: KOMAI LAFIYA.