Yadda Ake Cire Saniya Daga Cikin Waƙa

Kai mai kwamfuta, matso kusa. In ka bi matakan nan shida, na ba ka tabbaci za ka ƙara wa kowace waƙa gudu, ka share hayaniyar da ke bayanta tas, ko tarin ƙuda ba za a ji ba. An gwada a Kazaure, a shagon gwani Ashiru, kuma har yau ana maganar.

1. Karɓi aiki da ƙasaita

Adda, wata mai tallar nono daga rugar Gwiwa, ta kawo wa Ashiru wayar mahaifiyarta, Inno. A ciki akwai waƙar da tsohuwar ta rera tana tatsa. So ake a ƙara mata sauri, a taka rawa da ita a bikin jikarta.

"Don Allah Malam, ka lallaɓa ta," in ji Adda. "Ita ke nan guda ɗaya. Kullum sai Inno ta saurare ta kafin ta karya kumallo. Da ƙyar ta sakar min wayar."

Kada ka tambayi dalili. Gwani gyaɗa kai yake yi yana kallon silin.

2. Kada ka ajiye kwafi

Kwafi na matsorata ne. Yi aikinka a kan ta asalin, mutane su san da gaske kake.

3. Ƙara gudu

Ja sauri har ƙurya. Nan take Inno mai shekara saba'in za ta koma 'yar firamare, zakara ya zama usur, saniyar da ke kuka a baya ta rikiɗe akuya. Akwai wani ɗan akwati da ake dannawa murya ta zauna yadda take. Danna shi, amma sai ka gama dariya.

4. Nuna wa kwamfuta maƙiyinta

Kwamfuta ba ta san hayaniya ba sai an nuna mata da yatsa. Nemo inda mai waƙa ta ja numfashi, ka kama abin da ke ƙara a wurin, ka ce mata, "Ga shi nan." Ashiru kukan saniyar ya kama. Sau goma sha ɗaya ta yi kuka a waƙar, dannawa ɗaya ya sallame ta. Sauti ya fito fes. Ya adana, ya yi wa kansa kirari.

5. Kunna wa mai ita

Inno da kanta ta zo a kan acaɓa. Ta kara kunne a lasifika har waƙa ta ƙare.

"Ɗan nan, ina Wule?"

"Wace ce Wule, Inno?"

"Saniyata. Ita ke amsa min a ƙarshen kowane baiti."

Adda ta sunkuyar da kai. Ashe Wule ta mutu bara da damina.

"Ai hayaniya ce, Inno," in ji Ashiru, gumi na keto masa. "Ga muryarki nan ta fito tar."

"Ina ruwana da muryata? Ai tare da ita na zo."

6. Gyara ɓarnarka

Cire hula, durƙusa gaban makirufo, ka yi kukan saniya. Haka Ashiru ya yi.

"Wannan jaki ne," in ji Inno.

Ya sake.

"Wannan bijimi ne, kuma ba shi da tarbiyya."

Masu adaidaita suka ajiye fasinja suka cika ƙofar shago, wani har yana ba da shawarar a ƙara jan hanci. A karo na arba'in muryar Ashiru ta dishe, kunya da tausayin tsohuwar suka taru suka rufe shi, ya saki wani kuka mai rawa daga can cikinsa. Inno ta share ido da bakin mayafi.

"To, haka ta yi min ranar ƙarshe," ta ce a hankali. "Saura goma."

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a dishewar murya, ciwon gwiwa, ko sabon sunan da za a raɗa maka a unguwa. In ka goge saniyar mutane, kada ka neme ni. Kai za ka yi kukan.