Tokar Desmond Na Jiran Mai Saye

Yau da safe na raka maƙwabciyata Mavis filin ƙwallo, mijinta na cikin jakar cefane. Desmond ya rasu ƙarshen sanyin da ya wuce, aka ƙona gawarsa kamar yadda ya yi wasiyya, tun daga nan tokarsa take cikin ɗan tulu a kan kantar falo, tsakanin agogo da hoton bikinsu. Abu ɗaya ya roƙa kafin ya cika: a watsa shi a bayan ragar da ke gefen kogi, inda ya tsaya yana zagin alƙalan wasa tun yana da gashi a ka. Ba sabon abu ba ne. Rabin kakannin unguwarmu can suke. Mahaifina ma yana wajen kusurwar hagu, shi ya sa ko an ci mu ba na tofar da yawu ta wannan gefen.

Mavis tana da dalilin sauri. Ƙugunta ya daina yarda da matakala, ƙarshen watan nan za ta koma wurin 'yarta a bakin teku. A cikin bas ta rungume jakar a cinya ta ce da ni, "Na yi masa alkawari, Clive. So nake in sauke nauyin nan kafin in bar garin."

Mai sayar da tikiti ya tura mu shagon riguna. Yarinyar shagon riguna ta tura mu bene. A bene muka tarar da Mai Girma Daraktan Farin Cikin Magoya Baya, wani saurayi fes da shi cikin kwat, wanda sunan muƙaminsa ya fi teburinsa tsawo. Ya ba mu kujeru, ya haɗa hannuwa a ƙirji.

"Misis Hepworth, muna yi miki ta'aziyya ƙwarai. Mijinki ɗan gida ne a nan Thornbeck."

"To a buɗe masa ƙofar gidan," in ji Mavis.

"Matsalar ita ce, an dakatar da wannan hidimar har sai an kammala ciniki."

"Wane ciniki? Desmond ba na sayarwa ba ne."

"Cinikin ƙungiyar nake nufi. Lauyoyi sun ce kada a ƙara kome a kan filin, kada a rage kome, har masu saye su gama dubawa."

Mavis ta ɗaga jakar da hannu ɗaya ta jijjiga. "Ɗan nan, ɗauki ka ji. Ko fakitin sukari biyu bai kai ba. Wa zai lura?"

"Na gane, wallahi na gane. Amma umarni daga sama yake."

Na tambaye shi yaushe za a gama cinikin. Ya ce nan ba da jimawa ba. Na ce haka aka faɗa bara. Ya yi murmushi irin na wanda aka biya kuɗi aka koya masa murmushi, ya ba kowannenmu alƙalami mai tambarin ƙungiya, ya raka mu har bakin matakala.

Ku da ba ku bin labarin, bari in gabatar muku da masu neman aurenmu, wato masu son sayen ƙungiyar. Na farko wani attajiri ne daga ƙetaren teku, mai tara ƙungiyoyi kamar yadda matata Beryl take tara kofunan shayi, ba don ta sha a ciki ba. Shi yana son ya ɗauke mu ya kai mu bayan gari kusa da babbar hanya, inda akwai wurin ajiye motoci, a tsohon filin kuma ya gina gidajen haya masu hawa-hawa. Na biyu ba mutum ba ne, tarin masu kuɗi ne da ba wanda ya taɓa ganin fuskar ɗayansu. Wakilinsu ya ce za mu zauna inda muke, sai dai za a kankare ciyawar a shimfiɗa ta roba, don a riƙa kiɗa da rawa a kai ranakun da ba wasa. Na uku ɗan garin nan ne da ya yi arziki da sayar da katifa. Ya zo da gyalen ƙungiya a wuya, sabo ful, har alamar kuɗin na lilo, ya ce yana yaro a kafaɗar babansa yake kallon wasa daga babbar rumfa. Babbar rumfar kuwa an gina ta ne yana da gemu. Shi ya yi alkawarin ba abin da zai canja, kuma shi na fi tsoro.

Ƙasar da filin yake kai ta majalisar birni ce, saboda haka Masu Girma Iyayen Gari suna da ta cewa. Dole in yaba musu, ba su zauna ba. Sun kafa kwamitin jin ra'ayin jama'a. Kwamitin ya ga cewa ba zai iya jin ra'ayinmu da kyau ba sai ya ga yadda ake yi a wasu wurare, don haka ya hau jirgi ya je ya duba filayen attajirin ƙetare, da kuɗin harajinmu, a daidai lokacin da can ake rana nan ake ruwa. Sun dawo sun yi baƙi sun yi ƙiba, suka kira taron jama'a ranar Talata da hantsi, lokacin da duk mai aiki yana wurin aiki. Mu tsofaffi muka je. Shugaban kwamitin, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce magoya baya su ne ran ƙungiya. Na ɗaga hannu na ce, to waɗanda ransu ya riga ya fita fa, suna cikin cinikin ko ban da su? Ya ce tambaya ce mai muhimmanci, za a miƙa ta ga ƙaramin kwamiti.

Ba don in ba shi kunya na yi tambayar ba. Da gaske tana damuna. Ni ban yi nisa a makaranta ba, direban bas ne har na yi ritaya, abin da na sani a ɗakin karatu na gari na tsinta. Amma na san in mutum ya sayar da gida, yana kwashe kayansa ya fita. Wanda yake sayar da ƙungiyar nan zai kwashe mahaifina? In bai kwashe ba, ke nan ya sayar da shi, alhali bai taɓa sayensa ba. Sannan shi Desmond, da ya ce a kai shi bayan raga, me yake nufi: wannan ƙasar ta gefen kogi, ko duk inda 'yan wasanmu suke ɓarar da ƙwallo ranar Asabar? In ƙasar yake nufi, wataƙila nan da 'yan shekaru ya tsinci kansa ƙarƙashin injin wankin wani ɗan haya. In ƙungiyar yake nufi, sai ya jira a gina masa bayan raga a gefen babbar hanya, wurin da bai taɓa takawa ba. Na kwana biyu ina juya wannan, Beryl ta ce in na ƙara tashinta da zancen toka za ta mayar da ni toka da kanta.

Da muka fito daga ofishin, muka zauna a benci jikin katangar filin, na sayo mana shayi a wurin wani mai keken shayi da ke bakin ƙofa. Mavis ta ajiye jakar tsakaninmu, kamar yadda Desmond yake zama a mashaya.

Na rage murya na ce, "Mavis, katangar nan ba ta da tsawo. In na hau bencin, ki miƙo mini shi, in watsa. Wa zai sani?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai da gwiwar nan taka? Sai dai in koma gida da tulu biyu."

"Zan iya."

"Bayan katangar nan wurin ajiye motocin daraktoci ne, Clive. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zaginsu, ka zuba shi a kan gilashin motarsu? Su kunna abin share ruwa su goge shi?"

"To ki bar mini shi. In an gama cinikin, ko wa ya saya, ni zan kai shi."

"Ka ajiye shi ina? A ɗakin kayan lambunka, kusa da maganin ɓera?"

Can ɗin kuwa nake da niyyar ajiye shi.

Ta daɗe tana hura shayinta tana kallon fitilun filin. Can ta ce, "Ka san tun da muka yi aure ban taɓa samun Asabar ɗinsa ba? In ana wasa a gida, yana nan. In ana wasa a waje, yana cikin bas da ku. In ba a wasa, yana zaune yana fushi don ba a wasa. Ranar da na haifi Lorraine sai da aka aika aka kira shi da lasifika, kuma sai da aka hura usur na hutun rabin lokaci ya taso."

"Ranar ana cin mu ɗaya da nema," na ce. "Bai so ya tafi ya bar su a haka."

"Rufe mini baki." Ta ɗora hannu a kan jakar. "Na kawo shi har ƙofa. Na hau matakalar da likita ya hana ni. Su suka ce ba sa karɓa. To ni ina so. Zai bi ni bakin teku, in ajiye shi a taga, ranar Asabar mu zauna mu kalli ruwa, ni da shi. In sun gama cinikinsu, su aiko su nemi izinina. Sai in kafa kwamiti."

Ta miƙe, ta rataya mijinta a kafaɗa, ta ce in yi sauri kada bas ya wuce.

Tun da na dawo gida nake tambayar kaina ko ta cika alkawari ko ta karya. Na auna ta nan, na auna ta can, ban samu amsa ba, sai dai na lura a hanyar dawowa ba ta ɗingisa kamar da safe. Abin da na tabbata shi ne, manyanmu sun cancanci jinjina. Ƙanƙara ba ta hana Desmond shiga filin nan ba, ciwon zuciya bai hana shi ba, shekarun da muke ƙasan teburin gasa ba su hana shi ba. Su da lauyoyinsu sun hana shi cikin minti kaɗan, har da kyautar alƙalami.

Ni ma bayan ragar nan na ce a kai ni. Saboda haka na shaida wa Beryl cewa na fasa mutuwa har sai an kammala ciniki. Ta ce in dai ƙaramin kwamiti zan jira, to ta shiga uku, don ba ranar rabuwa da ni.