Yadda Za Ka Ƙarar da Kanka Don Kawunka Ya Ji Kunya

Akwai wanda ya taɓa duban tsabar idonka ya ce ba za ka zama komai ba? To gyara zama, ka zo wurin da ya dace. Bi matakan nan yadda na jero su, ni kuma na yi maka alkawari: ƙuruciyarka da lafiyarka da kwanciyar hankalin gidanka duk za su tafi a kan mutumin nan, ba tare da ya ko roƙe ka ba. Ba a littafi na tsinto ba. Ƙusa da kwaɗon kulle ƙofa da sakata nake sayarwa, maƙwabcin shagona kuma mai walda ne, muna ce masa Tartsatsi. A gabana ya bi hanyar nan, bai tsallake ko mataki ɗaya ba.

1. Zaɓi magana guda, ka zubar da sauran

An faɗa maka abubuwa da yawa a duniya. Mahaifiyarka ta sa maka albarka, wanda ya koya maka sana'a ya yaba hannunka. Watsar da su, ba su da nauyi. Nemi wadda ta fi ciwo. Tartsatsi yana saurayi ya kafa wa kawunsa ƙofar banɗaki ta ɗan karkace. Kawu ya ce, "Kai dai ba za ka taɓa zama komai ba," ya juya ya ci gaba da neman takalminsa. Shi ke nan jari ya samu. Irin wannan magana kullum da safe ake fito da ita a goge, kada ta yi tsatsa.

2. Kada ka kuskura ka gaya masa

Idan ka je ka ce, "Kawu, maganar nan ta yi mini zafi," yana iya ba ka haƙuri. Ka ga a zama guda an rusa maka aikin shekaru.

3. Kafa shago inda zai gan ka, ba inda ciniki yake ba

Yayan matar Tartsatsi ya samo masa shago a bakin babban titi, inda ake ta gine-gine, kowa na neman ƙofa da taga. Ya ƙi. Ya kama wanda ke kusa da nawa, don yana kallon ƙofar gidan Kawu. Ni tsufa ne ya ajiye ni a layin nan, shi kuwa da ƙafarsa ya zo.

Matar ta biyo shi har shago. "Baban yara, layin nan fa ko akuya ba ta bi sai in ta yi ɓatan kai."

"Ke ba za ki gane ba."

"Na gane mana. Kawu kake yi wa aiki, mu kuma mu ci tartsatsi mu sha ruwa."

In taka matar ta yi irin wannan magana, ka ce mata ba ta da hangen nesa. Suna son jin haka sosai.

4. Cire abin kare fuska

Nan gwaninta take. Mai walda yana da murfi mai baƙin gilashi da yake rufe fuskarsa da shi, don hasken wutar yana cin ido. To amma wa zai gane ka a bayan murfi? Da zarar Kawu ya fito ya zauna a bencinsa, sai Tartsatsi ya jefar da murfin gefe, ya ɗaga kai, ya dinga zuba wuta da ido tsirara.

Na ce, "Tartsatsi, rufe idon nan."

Ya ce, "Baba, in na rufe fuska zai ce hayar wani na yi."

Kai ma duba sana'arka da kyau. Kowace sana'a tana da abin da ke kare mai yin ta. Nemo naka ka cire, don a gan ka.

5. Fassara duk motsinsa

Kawu ya yi tari? Hassada ce ta shaƙe shi. Ya yi gyangyaɗi a benci? Ya kasa jure kallon ɗaukakarka. Ya kara rediyo a kunne? Yana toshe ƙarar nasararka. Idan wani dattijo mai sayar da kwaɗo ya ce maka mutumin labarai kawai yake saurare, rabu da shi, ba ya ƙaunar ci gabanka.

A wannan matakin ne Tartsatsi ya fara ƙera wata ƙatuwar ƙofa da ba wanda ya sa shi, mai furanni da tsuntsayen ƙarfe, ya jingina ta tana fuskantar gidan Kawu. Masu kawo gyaran murhu da baro suka gaji da "dawo gobe", suka koma babban titi.

6. Raina likita

Ido zai fara ja, sannan ka ji kamar an zuba maka yashi a ciki. Yanka dankali ka ɗora a kai, ka koma aiki. Matar Tartsatsi sai da ta haɗa shi da mahaifiyarsa kafin ya yarda ya je asibiti. Likita ya ce ko ya rufe fuska, ko ya shirya a riƙa jan sa da sanda. Ya dawo ya ce mini likitan yaro ne, bai san rayuwa ba. Ya rufe fuskar kuwa, amma sai lokacin da Kawu ke cikin gida.

Daga nan ɗinkin waldarsa ya fara kaucewa daga layi. Yana laluben guduma tana gabansa.

7. Karɓi ladanka

Ranar za ta zo, kada ka damu. Wata rana da hantsi Kawu ya tsallako titi yana jan kujerar ƙarfe mai karyayyar ƙafa. Tartsatsi ya miƙe, ya gyara riga, ya tsaya jikin ƙatuwar ƙofar. Shekara da shekaru abu ɗaya yake jira, ya ga fuskar tsohon nan tana narkewa da kunya.

Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata, ɗan taɓa mini wannan. Kai, wa ya yi ƙofar nan?"

"Ni ne, Kawu. Ni da ka ce ba zan zama komai ba."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar ƙofar banɗaki."

"Wane banɗakin?" Ya ɗan yi tunani. "Oho. Ai ni kowa haka nake ce wa. Jiya ma na ce wa mai gyaran rediyo. To Allah ya yi albarka, aiki ya yi kyau. Kujerar zuwa la'asar?"

Ya juya ya koma bencinsa.

Tartsatsi ya daɗe a tsaye, ido na zubar da ruwa, ban san na ciwo ba ne ko na wani abu. Can ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Baba, ban ga fuskarsa sosai ba. Ya ji kunya?"

Na ce, "Hamma ya yi."

Ya laluba bayan teburin aikinsa ya ɗauko murfin, ya goge ƙurar gilashin da gefen riga, ya rufe fuska, ya jawo kujerar.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa ido, ko shago, ko darajarsa a wurin iyalinsa, kada ya zo mini da ƙorafi. Ban aike shi ba, kawunsa ma bai aike shi ba, kuma in ya je ya tambaya zai tarar tsohon bai ma san ana yi ba. Wanda kuma ya karanta ya fasa, ya je ya yi aikinsa don kansa da fuska a rufe, shi ma ba ruwana. Ni kwaɗo nake sayarwa.